Kada a Binne Buhunan Malam Labbo Maikumbo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Amintattu,
Zauren Karatu na Bakin Gulbi, Argungu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da sauran 'yan kwamiti, ina taya ku murnar kwamfutocin da aka ba Zaure kyauta. Allah Ya sa yaranmu su amfana da su, Ya kuma kawo wutar da za a kunna su.

Ni malamin makaranta ne a Birnin Kebbi, ina koyar da Labarin Ƙasa, asalina kuwa Augie. Na so in same ka mu yi wannan magana baki da baki, kamar yadda ya dace da girmanka. Na je ofis aka ce kana fadama wajen yankan shinkafa, na je gida aka ce kana ofis. Da yake lokaci ya ƙure, na ga gara in rubuta a fili, ko wani da ya fi ni sa'a zai karanta maka.

Ga abin da ya kawo ni. Juma'ar da ta wuce na yi sallah a Argungu, na zo sunan ɗan ƙanena. Bayan an sallame sai aka yi sanarwa cewa kwamitinku na neman matasa masu son lada su fito ranar Asabar ta sama, su haƙa rami a gefen maƙabarta, za a binne wasu buhunan tsofaffin takardun Larabci da ruwa ya taɓa, don kada a wulaƙanta su. Ni ma na sa baki cikin masu cewa Allah Ya ba da lada. Muna neman takalmanmu a ƙofa ne wani tsohon abokina ya ce mini, ai buhunan da aka kwaso daga gidan Malam Labbo Maikumbo ne. Tun daga lokacin ban sake jin daɗin abinci ba.

Zan jera maganata ɗaya bayan ɗaya.

1. Wane ne mai buhunan.

Na san ka san shi da ido, domin babu wanda ya girma a Argungu rediyon gidansu bai taɓa kwana a rumfarsa ba. Amma ina zaton ba ka san shi da rubutu ba, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

An haifi Malam Labbo a wani ƙauye gefen Zauro, gidan manoman shinkafa. Ya yi allo, ya ɗan taɓa littattafai a zaure. Boko kam leƙa ajin yaƙi da jahilci kawai ya yi ya fito, wai haruffan suna tafiya baibai. Ya koyi gyaran rediyo, ya kafa 'yar rumfa a kasuwa. A nan ne wata rana, yana gwada rediyon wani, ya ji an ce mutane sun sauka a wata. Kasuwa ta rabu biyu, masu cewa ƙarya ce da masu cewa duniya ta zo ƙarshe. Shi abin da ya dame shi daban ne: me suka ci a can, kuma a ina suka ɗebo ruwa? Tambayar ɗan fadama ke nan. Ita ce ta haifi littafinsa na farko, kuma tun daga nan bai ajiye alƙalami ba sai da ciwo ya karɓe shi daga hannunsa.

Ya rubuta Albasa a Jar Duniya, inda aka kwashi manoman Augie a kumbo aka kai su wata duniya saboda masana sun yi iyakar yinsu ƙasar can ta ƙi ba da komai. Ya rubuta Shekarar da Injuna Suka Yi Yaji, inda injinan ban ruwa na fadama suka yi hankali, suka ce ba za su ƙara jan ruwa ba sai an zauna da su. Ya rubuta Gulbin Bayan Wata, da wasu da yawa. Waɗanda aka buga kaɗai sun cika mini kwalin taliya biyu, kuma na san akwai waɗanda aro ya raba ni da su. Ba na cewa mutumin ya san gaibu, wa'iyazu billahi. Ya rubuta wayar da ake ganin fuskar mai magana tun muna bin layi a gidan waya, gaskiya ne, amma shi ne kuma ya rubuta cewa zuwa wannan zamani an gama da sauro a ƙasar Kabi. Kowa ya kwana a bakin gulbi ya san yadda wannan ta kasance.

Sunan Maikumbo ma da ba'a ya fara. 'Yan kasuwa suka laƙa masa don su yi dariya, shi kuwa ya ɗauka ya sa a bangon littafi. Ba a taɓa kiransa wani taro an rataya masa lamba ba. Masu nazari sun ce labaransa ba na soyayya ba ne, ba na tarihi ba ne, ba na wa'azi ba ne, don haka ba su san aljihun da za su sa shi ba, sai suka bar shi a waje. Amma an karanta shi a tashoshin mota, da cikin gidaje, da bukkokin gona. Ni kaina a kan dandamalin korar jan-baki na fara karanta shi, ina tsaron shinkafar mahaifina. Rannan tsuntsaye sun yi buki, ni kuma na sha bulala, amma na sauko da sanin cewa duniya zagaye take kuma tana da 'yan'uwa. Abin da nake koyarwa ke nan har yau.

2. Yadda yake aiki.

Wannan shi ne tushen kuskuren da ake shirin yi, don haka ina roƙon a natsu a nan.

Malam Labbo da ajami yake rubutu, da irin hannun 'yan allo, cikin sauri, wasali sai inda ya ga dama. Idan ya gama littafi sai ya shigo mota ya zo Birnin Kebbi wajen Mama Ngozi. Wannan baiwar Allah ta zo daga kudu tana amarya, mijinta na sayar da kayan gyaran mota, ita kuma ta buɗe shagon buga takardu da keken rubutu kusa da tsohuwar tasha. Hausarta Kabanci ce zalla, ta fi tawa nauyi. Shi zai zauna a benci yana karantawa, ita tana bugawa da boko, daga nan a kai wa mai ɗab'i. Kuma ba bugawa kaɗai take yi ba. Na taɓa iske su ta ɗauke hannu daga keken ta harɗe, tana cewa, “Malam Labbo, in kak kashe yarinyar ga, ni ba ni bugawa. Tahi ka nemi wata.” Haka ya koma Argungu ya sake babi guda.

Da shekaru suka ja, ciwon gaɓoɓi ya kama yatsunta, keken rubutu kuma ya zama tsohon yayi. Yaran da ke shagunan kwamfuta ba su da haƙurin zama tsoho yana yi musu shifta, kuma idan ya miƙa musu takardar sai su juya ta sama su juya ta ƙasa su mayar masa. Wani da tuni ya haƙura. Shi bai fasa ba. Ya ci gaba da rubutu yana tarawa, littafi bayan littafi, babu mai bugawa, babu mai karantawa. Abin da ke cikin buhunan nan ke nan, ranka ya daɗe. A ƙiyasina ya fi abin da aka buga yawa, kuma babu kwafinsa a ko'ina. Idan ƙasa ta ci shi, ta ci ke nan.

3. Inda abin ya taɓa ni.

Ba zan ɓoye maka ba, ina da tawa buƙatar a ciki. Akwai jerin littattafansa mai suna Tafiyar Hajo. Hajo ɗiyar masunta ce, ita ce yarinyar da Mama Ngozi ta ceta. Tana tuƙa kumbo mai siffar goran masunta, aikinta kamo matattun taurarin ɗan'adam da wata ƙatuwar homa, wato ragar kamun kifi, kamar yadda iyayenta ke kamun giwan ruwa. A shafin ƙarshe na littafin ƙarshe da aka buga, igiyar da ta ɗaure ta da kumbon ta tsinke, iskar da ke goyonta ta kusa ƙarewa, sai ta hangi wani haske yana tunkaro ta. Nan littafin ya tsaya.

Lokacin ina gwauro. Yanzu babbar 'yata, wadda na sa wa Hajara muke kiranta Hajo, tana da goyo. Duk tsawon wannan zamani yarinyar nan tana can rataye a sama tana jiran in buɗe shafi. Na sha zuwa rumfarsa ina lallashi ya gaya mini ko da a taƙaice, sai ya ce, “An rubuta, Malam Shehu, tana nan lahiya lau cikin takarda. Amma ba a cin shinkahwa tana hwadama.” Na yi haƙurin da ko mai neman filin gwamnati bai yi ba. Yanzu a ce ranar Asabar za a tura ƙarshen labarin cikin rami ina raye, ina da idanu da tabarau? Wannan kam da sake.

4. Ajiya ce, ba kyauta ba.

A daminar da ta wuce ruwa ya shiga unguwarsu, ya ci bangon ɗakin Malam Labbo. Lokacin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya riga ya kwantar da shi. Ɗansa Murtala ya mayar da shi gidan babbar 'yarsa, ya tattara takardun cikin buhunan shinkafa ya kawo Zaurenku, domin a tunaninsa babu inda ya fi ɗakin karatu sanin darajar takarda. Murtala yana kudu yanzu, ya bi motar albasa. Na kira shi, ya rantse mini cewa abin da ya faɗa wa mai gadi shi ne a ajiye masa har ya gyara ɗaki. Bai ce ya ba ku ba. Kai dattijo ne, ba sai na gaya maka hukuncin amana ba. Ko akuya aka ba ka ajiya, ba ka yanka ta don ka ga ta rame, balle mai ita yana unguwa ta gaba.

5. Abin da na gani da idona.

Ranar Litinin na nemi izini a makaranta na zo Zaure. Sakatarenku mutumin kirki ne, ya tarbe ni da ruwan sanyi. Da na ce ina son ganin buhunan, sai ya tambaye ni ko ina da alwala. Na fita famfo na yi. Ya buɗe mini ɗakin da ake son share wa kwamfutoci, ya tsaya daga bakin ƙofa ya cire takalmi.

Shi ne ya ba ni labarin zamanku. Ya ce an zaro 'yan takardu an ba wani matashin ɗan kwamiti da ya yi Larabci mai zurfi a jami'a. Ya duba, ya ga Bisimillah a sama, ya ga haruffan da ya sani amma kalmomin sun ƙi ba shi ma'ana, sai ya ce lalle wannan ilimin magabata ne da ya fi ƙarfinsa. Wani kuma ya ga shafuka masu zanen gida-gida da ɗige-ɗige, ya ja da baya ya ce hatimai ne, aikin tsibbu. Ɓangare ɗaya suka ce a binne don girmamawa, ɗaya ɓangaren suka ce a binne don neman tsari. Sakatare ya ce tun da aka kafa kwamitin ba a taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya cikin sauri irin wannan ba. Ina taya ku murnar haɗin kai.

To, na tsuguna na zaro takarda ɗaya daga bakin buhu na karanta masa da ƙarfi. Hausa ce, ranka ya daɗe, Hausar gidanku. Wani mutum-mutumin ƙarfe ne a kasuwar wata duniya yake cinikin buhun albasa da wani dattijo ɗan Augie, dattijon yana ce masa albarka, shi kuma yana cewa kansa ya ɗau zafi, a rage masa kafin wayoyinsa su ƙone. Hatimin da aka ji tsoro kuwa zanen kujerun kumbo ne, an rubuta wa kowane gida sunan mai zama, har da wurin liman da wurin mai dafa abinci. Ɗige-ɗigen taswirar taurari ce, kuma a matsayina na malamin Labarin Ƙasa zan iya cewa ba ta yi muni ba ga mutumin da bai taɓa riƙe madubin hangen nesa ba. Sakatare ya yi dariya har ya dafa ƙofa, ya ce in zaro ta gaba mu ji ko an sallama. Sai kuma ya tuna matsayinsa, ya gyara hula, ya ce kwamiti ya riga ya zartar, babu mai warwarewa sai Shugaba.

Ina so a fahimce ni. Ba al'adar nake yi wa dariya ba. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ba ta iya karatu ba, amma idan ta ga takarda mai baƙaƙen Larabci a ƙasa sai ta duƙa ta ɗauka ta soka a tsagar bango, kuma ni ma haka nake yi har gobe. Niyyarku mai kyau ce. Sunan Allah yana saman kowane babi, domin Malam Labbo ba ya fara ko gyaran rediyo ba tare da shi ba. Amma abin da muka taso muka gani shi ne, takardar da ake binnewa ita ce wadda ta mutu, ta ruɓe, ba ta karantuwa. Waɗannan ruwa gefen na ƙasan kawai ya taɓa, tawadar tana nan raɗau. Girmamawa ce ta hana ku karantawa, da kun karanta da ba a kai ga sanarwa ba. Kowane tsoho a sahun gaba na masallacin da aka yi sanarwar zai iya karanta muku su, da an tambaya.

6. Mai su yana da rai.

Daga Zaure na wuce gidan 'yarsa. Na same shi kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, ɓarin dama ya mutu, magana tana fita da ƙyar. Na yi ta juya yadda zan gaya masa, ashe labari ya riga ni, mata sun kawo daga wajen suna. Ya dube ni ya yi dariya da rabin bakin da ya rage masa. Ya daɗe yana haɗa kalmomi, sannan ya ce, “Ni ab babba. Su ɗiyana na. A hwara da ni.” 'Yarsa ta juya ta shige ɗaki. Da na tashi tafiya ya riƙe mini gefen riga da hannun hagu, ya tambaye ni ko buhunan a ƙasa suke ko an ɗora su a kan wani abu, saboda gara. Na ce masa a kan benci suke. Gaskiya a kan siminti suke, amma kafin in bar Argungu na koma na roƙi Sakatare muka ɗora su a kan benci, don kada maganata ta zama ƙarya.

Mutumin nan bai nemi lamba ba, bai nemi a sa wa titi sunansa ba. Ya shafe rayuwarsa yana kai mutanen fadama inda babu wanda ya taɓa tunanin kai su. Kada ya zama yana kwance yana jin ƙarar diga ana haƙa wa aikin hannunsa kabari.

Abin da nake roƙo:

Na ɗaya, a dakatar da aikin ranar Asabar, a kuma sanar da haka a masallacin da aka yi sanarwar farko, wannan Juma'ar, don kada matasa su fito da diga a banza.

Na biyu, a kira iyalin Malam Labbo a tambaye su abin da suke so a yi da kayansu. Idan ɗakin ake buƙata, ina da ɗaki a Birnin Kebbi wanda ba ya yoyo, kuma 'yarsa ta yarda a kai can.

Na uku, idan kwamiti yana son suna mai kyau, ga hanya a buɗe. Na yi magana da dattawa biyu a Zauro masu karanta irin hannunsa. Na je wajen Mama Ngozi, ta ce yatsu sun ƙi amma kunne yana nan, za ta zauna ta gyara wa duk mai bugawa, har ta ƙara da cewa, “Kai dai kai ni Argungu, in ga wanda za shi taɓa su.” Dattawan su karanta, yaranku su buga a sababbin kwamfutocin. Ba na jin akwai aikin da ya fi wannan dacewa a buɗe su da shi. Duk takardar da aka tarar ta ruɓe ba ta karantuwa, ni da kaina zan riƙe muku ita har bakin rami.

Idan kuwa duk wannan bai samu shiga ba, to ina sanar da kai cikin ladabi, don kada a ce na yi ba-zata. Ranar Asabar zan riga masu diga isowa Zaure, da alwalata. Ba zan yi faɗa da kowa ba, ba zan ɗaga murya ba, shekaruna da aikina sun wuce nan. Zan hau kan buhunan in zauna, in riƙa zaro takarda ina karanta wa duk wanda ya zo ɗauka. Ni ba ƙaramin mutum ba ne a jiki, ɗalibaina shaida ne. Wanda ya ga zai iya ɗaukar mu tare, ya faɗa wa masu haƙa su ƙara wa ramin faɗi.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya sa albarka a shinkafar da kake yanka, Ya ba kwamitinka ikon gyara abin da niyya mai kyau ta kusa ɓatawa. Allah Ya ba Malam Labbo sauƙi, Ya nuna masa aikinsa a hannun masu karatu tun yana iya gani.

Wassalam.

Naka mai girmama ka,
Malam Shehu Na-Augie,
Birnin Kebbi.